Gintautas, Ba Gena Ba

Kawuna Gintautas Norvaiša ya yi kusan wata biyu a duniya ba a yi masa baftisma ba. Ba ciwo ne ya hana ba, ba kuma nisan coci ba. Rigimar ubansa ce.

Mahaifiyata Bronė yayarsa ce, ita ta ba ni labarin. A tsakiyar hunturun 1932 aka haife shi, a ƙauyenmu Varnupė da ke yankin Žemaitija na ƙasar Lituwaniya. Kakanmu Ignacas ya ɗaura wa doki amalanken ƙanƙara, aka naɗe jariri a fatar tunkiya, aka nufi coci.

Fada ya riga ya sa hannu a kwanon ruwa, sai ya tambaya, "Wane suna?"

"Gintautas."

Fada ya ɗago kai. "Wane waliyyi ne wannan, Ignacas? Ban san shi ba."

"Ga shi nan a naɗe, Fada. Ka ba shi lokaci."

Fada bai yi dariya ba. Ya ce wannan sunan arna ne, shi kuwa ba zai zuba ruwa mai tsarki a kan sunan arna ba. Ga Juozapas, ga Antanas, ga Petras, a zaɓi ɗaya.

"Mutanen kirki ne, ban ce ba," in ji Kaka. "Amma duk baƙi ne. Kakannina fa, kafin a kawo musu wannan ruwa, da 'kai wane' ake kiransu?"

Ya karɓi ɗansa ya fita, ya bar 'yan rakiya tsaye da kyandir a hannu.

Kaka yana cikin samarin da suka shiga soja da kansu a 1919, lokacin da ƙasar ke neman tsayawa da ƙafafunta. Ya baro yatsu biyu a fagen yaƙi, aka ba shi gona a madadinsu. A bariki ya ji sunan, daga bakin wani ɗalibi da suke kwana ɗaki ɗaya. Ɗalibin ya ce masa mutanen da ba sa ɗauko suna daga waje, kalma biyu suke haɗawa su yi wa yaro addu'a da su. *Ginti*, wato karewa. *Tauta*, wato jama'a. Gintautas, mai kare jama'arsa. A birane malaman makaranta sun riga sun fara dawo da irin waɗannan sunaye, amma a Varnupė ba a taɓa jin ko ɗaya ba.

Kakata Petronėlė ta daina yi wa mijinta magana. Tana dafa masa dankali, ta dangwara masa a tebur, ta juya baya. Tsoronta ɗaya, kada yaron ya mutu bai shiga addini ba. Ranar da jaririn ya fara tari ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta ɗaura doki da kanta, ta je ta buga ƙofar Fada.

"Kai da shi duk kawunanku dutse ne," ta ce. "Amma ɗan nawa ne, ni na yi naƙudarsa. Ka sa masa duka biyun."

Aka sa masa Gintautas Juozapas. Mahaifiyata ta ce Fada ya faɗi na farkon kamar mai tauna magani, na biyun kuwa har rufin coci sai da ya amsa. Da Kaka ya ji, sai ya ce babu laifi, Juozapas ya zauna a coci ya jira su ranar Lahadi, Gintautas ya zo gida.

Abin da ɗalibin nan bai gaya wa Kaka ba shi ne, *ginti* tana da 'yar tagwai. Kalma ɗaya ce a baki, amma aiki biyu take yi: ko karewa, ko kora dabbobi. Sai an ce mutum yana yi ake bambance su. *Gina*, yana karewa. *Gena*, yana kora. Yaran ƙauye ba su yi makaranta mai zurfi ba, amma wannan sun gano shi tun ranar da aka fara tura Kawu kiwo. Su hau shinge suna yi masa waƙa: ga mai kare jama'a, jama'arsa masu ƙaho da bindi. Shugaban masu waƙar wani yaro ne mai kunnuwa kamar faifai, sunansa Bružas.

Wata rana Kawu ya dawo da hanci a fashe. Kaka ya dube shi.

"Kuka ka yi ko ramawa?"

"Duka biyu, Baba."

"Ya yi. Kora shanu aiki ne, ba abin kunya ba ne, ni ma na yi. Amma ba shi na sa maka ba. Je ka wanke fuska."

Yana ɗan shekara goma sha shida, a watan Mayun 1948, motar sojojin Rashawa, waɗanda suka mamaye ƙasar, ta tsaya a ƙofar gida. Gonar da aka ba Kaka da yatsun da ya baro a yaƙi, su ne laifinsa. Aka zuba su a taragon dabbobi tare da sauran mutane, ba a sauke su ba sai a dazuzzukan Siberiya. Kaka bai ga ƙarshen hunturun farko ba. Ƙasa ta daskare har sai da suka hura wuta a kanta kafin su iya haƙa masa kabari.

Aka sa Kawu cikin masu sare itace. Helmansu wani ƙaton Barashe ne, Prohor, ba mugu ba ne, amma ba ya son abin da zai wahalar masa da harshe. Duk wanda ya zo hannunsa sai ya ba shi suna irin nasu. Jonas ya koma Vanya, Mykolas ya koma Misha, kowa ya amsa, don mai jin yunwa ba ya tsayawa gardamar suna. Da ya zo kan Kawu ya gwada sau ɗaya, ya tofar da yawu.

"Wannan ba suna ba ne, tari ne. Daga yau kai Gena ne."

A wurinsu Gena suna ne na kowa, ba zagi ba. Prohor bai san abin da ya faɗa da harshenmu ba. Mutanenmu da ke layi suka sunkuyar da kai, wasu na danne dariya.

Washegari da safe aka kira Gena, shiru. Aka sake kira. Kawu na tsaye a gaban helma da gatari a kafaɗa, yana kallon sama kamar mai duban hadari.

"Kai nake kira, kurma!"

"Sunana Gintautas."

"To Gena bai zo aiki ba ke nan. Wanda bai zo aiki ba, rabin burodi."

Haka aka yi ta yi. Yana sare itace daga safe har yamma, ana ba shi rabon wanda ya wuni a gida. Ya rame har idanunsa suka faɗa. Kakata ta durƙusa masa a ɗaki.

"Ɗana, ka amsa da baki kawai. Allah ya san sunanka, ni ma na sani."

"Inna, an koro mu kamar shanu, a cikin taragon shanu. Yanzu kuma in tsaya a layi a kira ni da sunan kora, in ce na'am? Baba na kwance a bayan bukkokin nan, zai ji."

Mahaifiyata ta riƙa gutsuro masa nata rabon tana zaginsa. Ta ce da ta san haka zai zama, da ta ture shi daga amalanke tun a hanyar coci.

A hunturu na biyu abin ya faru. Wasu mutum biyu suna yanka wata doguwar bishiya da zarto, iska ta juya ta, ta nufo inda Kawu yake sassabe rassa, ya ba ta baya. Prohor ne ya gani. Ya ƙwala ihu, "Gena! Gena!" Kawu bai waiwaya ba. Gangar bishiyar ta kuskure shi, amma wani reshe ya same shi a kafaɗar hagu ya danne shi cikin ƙanƙara. Kafaɗar ba ta sake miƙewa ba. Har ya mutu, ɗaya ta fi ɗaya tudu.

Yana kwance an ɗaure shi da tsumma, sai ga Prohor ya shigo da busasshen kifi a hannu, fuskarsa ja wur.

"Ka ji ni ko ba ka ji ba?"

"Na ji kana kiran wani Gena. Na yi ta roƙon Allah ya sa ya kauce."

Prohor ya zagi uwar bishiyar, ya zagi uwar dajin, ya zagi ranar da aka kawo masa mutanen Lituwaniya. Sannan ya ja kututture ya zauna.

"Faɗa mini shi a hankali, ɗan banza."

Suka yi ta fama har kifin ya ƙare. Bai taɓa faɗinsa daidai ba, amma daga ranar abin da yake kira a layi ya fi kama da Gintautas, kuma Kawu yana amsawa. Aka mayar masa da burodinsa.

Bayan na girma na taɓa tambayarsa, "Kawu, tsakaninka da Allah, ka san kai ake kira?"

"Kunnena ya sani," ya ce. "Amma na koya wa wuyana kada ya juya. Ranar da na so ya juya, ya ƙi."

A can Siberiya aka haife ni. Ina 'yar shekara uku aka sake mu, muka dawo a 1958. Gonar ta shiga gandun gwamnati, gidan Kaka kuma an mayar da shi garken maruƙa. Kawu ya sa mu a ɗakin wanka na katako da ke bakin rafi, ya yi ta zarya har aka yarda a kwashe maruƙan. Da shebur ya kankare kashin shanu daga ɗakin da aka haife shi.

Wanda ya dawo daga Siberiya ba ya zaɓen aiki. Abin da aka ba shi shi ne kiwon shanun gandu. Tsoffin abokan wasansa, waɗanda yanzu sun yi gashin baki, suka tuno da waƙarsu.

"To, mai kare jama'a, ga jama'arka nan sun kai ɗari."

"Sun fi ku hankali," yake ce musu. "Ba a taɓa kiransu taro sun tafa wa abin da ba su gane ba."

Ya auri Adelė, mai tatsar madara, wadda bakinta ya fi nasa kaifi. Ita kaɗai ke iya katse shi. Suka haifi yara biyu.

A 1975 aikin janye ruwan fadama ya iso Varnupė. Aka ce za a haɗe gonaki su zama fili ɗaya, gidajen da ke warwatse a rushe su, kowa ya koma sabuwar unguwa kusa da ofishin gandu. Kada in yi ƙarya, da yawa sun yi murna. Gidan bulo, famfo, kanti a kusa. Ni ma a lokacin ina tatsar madara a gandu, kuma na gaji da taka laka.

Shugaban gandu a lokacin Bružas ne, mai kunnuwan nan, ya yi ƙiba har kunnuwan sun daidaita da kansa. Da kansa ya zo gidan Kawu.

"Gintautas, kada ka ba ni wahala. Ɗaki uku zan ba ka, da wuta, da ruwa."

"An taɓa fitar da ni daga gidan nan sau ɗaya. Su da bindiga suka zo. Kai da me ka zo?"

"Da alheri na zo."

"To ka sha shayi ka koma da shi."

Ban da Kawu, mutum ɗaya ce ta ƙi tashi. Uršulė, wata tsohuwa da mijinta ya rasu, gidanta na tsallaken rafi. Ɗanta da ke birni ya riga ya amince a madadinta. Ita kuwa ta ce a kan gadon da ta haihu za ta mutu. Aka sa ranar da za a fara da gidanta.

Ranar da safe muka gama tatsa, Kawu ya buɗe garke kamar kullum. Sai na ga bai nufi makiyaya ba, ya karkata da shanun ya bi hanyar rafi, da buhu a kafaɗarsa mai lafiya. Muka ajiye bokitai muka bi shi. Buhun gishiri ne. Ya zagaye gidan Uršulė yana watsa shi a ƙasa, a gindin bango, a bakin ƙofa, a ƙarƙashin itatuwan tuffa. Shanu suka rufe gidan ruf, kowace ta kafa kai tana lasa. Tsohuwa ta leƙo ta taga tana yin alamar gicciye.

Katafila biyu suka iso suka tsaya. Direban gaba ya yi ta danna ƙaho, ko kunne shanun ba su kaɗa ba. Ba zai iya matsawa ba, don shanun gwamnati ne, wanda ya karya ƙafar ɗaya ya san inda zai kwana. Ya kashe inji ya kunna taba.

Can sai ga motar Bružas. Ya fito yana haki.

"Ka haukace? Kore su! Aikinka ke nan, kore su!"

Kawu ya dogara da sandarsa. "Yau ba na kora."

"Gintautas, za su ɗaure ka. Ka san inda ka fito."

"Na sani. Kai ne ba ka sani ba. In kana so a kore su, ga sanda. Tun kana yaro kake waƙar yadda ake yi."

Ya miƙa masa sandar. Bružas, da takalminsa na ofis, ya shiga tsakanin shanu yana "hai, hai". Wata baƙar saniya da muke kira Gimbiya ta juyo ta lashe masa hannun riga. Mu masu tatsa muka fashe da dariya har da riƙe ciki, direbobi ma suka taya mu. Ban taɓa ganin mutanen ƙauyenmu sun yi wa mai mulki dariya a gabansa ba sai ranar.

Da la'asar 'yan sanda suka zo suka tafi da Kawu. Aka kulle shi mako biyu, aka kore shi daga aiki. Washegarin kama shi aka fito da Uršulė a kan kujera, aka ture gidanta tana kallo. Ba ta cika shekara a benen ɗanta ba ta rasu.

Da suka gama da sauran gidaje suka juyo kan gidan Kawu, sai suka tarar da Adelė ta hau kan babban murhun bulo na ɗumama ɗaki da yaranta biyu, ta ce su ture da su a ciki. Aka yi ta lallashi, aka yi ta barazana. Kafin a gama, damina ta sauko, lokacin da aka ɗibar wa aikin ya ƙare, aka kira injinan zuwa wata gunduma. Aka ce za su dawo baɗi. Ba su dawo ba.

Ni na je tarbo shi ranar da aka sake shi. Muka sauka daga bas muka hau tudu, ya tsaya. Babu Varnupė. Fili ne baƙi har iyakar gani, da tarin itatuwan tuffa da aka tumɓuke aka jibge wuri ɗaya, sai gidansa shi kaɗai a tsakiya. Na zaci zai yi zagi. Bai yi ba.

"Ubana ya ba ni aikin kare jama'a," ya ce. "Tsohuwa ɗaya ma na kasa."

Ya gyara hularsa ya gangara.

Don su gajiyar da shi, aka cire sandunan wutar da ke zuwa gidan, aka nome hanyar aka shuka hatsi a kanta. Ya samu aikin hura tukunyar ɗumama makaranta a sabuwar unguwa. Kullum sai ya ratsa ta tsakiyar gonar gandu, daidai inda tsohuwar hanya take, ya tafi ya dawo. Adelė ta bi, yara suka bi, har turba ta fito. Da kaka a nome ta, da bazara ta sake fitowa. An ci shi tara, an kira shi ofis, an yi masa wa'azi.

"Ni hanya nake bi," yake cewa. "Ku ne kuka shuka hatsi a kan hanya."

Shekara goma sha biyar suna haske da fitilar kananzir. Adelė takan ce da ta auri mai hankali da yanzu tana kallon talabijin, amma ko sau ɗaya ba ta ce su tashi ba.

Bayan ƙasar ta sami 'yancinta, mutanen Varnupė suka fara zuwa gidan duk tsakiyar bazara, don babu wani abu da ya rage na ƙauyen sai shi. Su zo daga biranen Klaipėda da Kaunas, daga baya har daga Ingila, da baƙin burodi da cuku da kwalabe, su baje a tsakar gida. Adelė ta dafa dankali, ta kaɗa kirim da man shanu da tafarnuwa a babban akushi. In wani ya sha ya fara kiransa gwarzo, sai Kawu ya ce, "Ina kake ranar da ake ɗaga Uršulė a kujera? Ci dankalinka."

Wata shekara Bružas ya zo, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya tsaya a bakin shinge bai shigo ba. Kawu ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Adelė, ba shi kujera. Waccan mai rawa."

Ya zauna a kanta har yamma yana gyara zama, babu wanda ya canza masa.

'Ya'yansa sun yi ta roƙonsa ya koma birni kusa da asibiti. Ya ce musu in sun ga an fitar da shi daga gidan nan, to a kwance ne. A watan Oktoban 2011 Adelė ta same shi a bayan rumbu, ya zauna a kan buhun dankali ya jingina da bango, ya cika.

An yi ruwa a makon, motar gawa ba ta iya shigowa ba. Maza shida suka ɗauki akwatin a kafaɗa. Filin a lokacin na wani matashi ne da ya saye shi, ya shuka alkamar hunturu, ta fito kore shar. Ya zo da motarsa ya ce don Allah a zagaya ta gefen rafi, kada a tattake masa shuka. Masu ɗauka suka tsaya suna kallon Adelė.

Ta gyara baƙin ɗankwalinta. "Ta nan yake bi," ta ce, ta shiga gaba.

Muka bi ta a layi, laka na kama mana takalma. Matashin ya tsaya yana kallonmu, daga baya ya cire hularsa. Adelė ta ƙara shekara huɗu a gidan ita kaɗai da kaji da kare, sannan ta bi mijinta. Yanzu jikarsu ce ke zuwa da bazara, tana kiwon zuma a bayan rumbu.